Baƙon da Ya Kwana: Ma'aurata da Jakar Goyo a Garuruwan Kudu Maso Gabashin Asiya

A ƙarshen watan Disamban 1972 wani matashi ɗan Ingila mai suna Tony Wheeler da matarsa Maureen, 'yar Belfast, suka isa birnin Sidni na ƙasar Ostireliya da santi 27 kacal a aljihu. Sun taso ne daga Landan a tsakiyar shekarar cikin wata tsohuwar ƙaramar mota, suka ratsa Turai da Turkiyya da Iran, suka sayar da motar a Afganistan, ragowar hanyar kuma suka ƙarasa ta a bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwa da duk abin hawan da ya samu. Da suka zauna, sai tambayoyi suka yi musu yawa: ta ina kuka bi, ina kuka kwana, nawa kuka kashe? Amsoshin ne suka tattara a wani ɗan littafi da suka fitar a 1973. A shekarar da ta biyo baya suka sake ɗaura kaya, suka hau babur suka zagaya Kudu Maso Gabashin Asiya, sannan suka kulle kansu a ɗakin wani otal mai arha a Singafo suka rubuta littafi na biyu, South-East Asia on a Shoestring, wanda ya fito a 1975. Daga nan kamfaninsu na Lonely Planet ya tsaya da ƙafarsa. Littafin, mai bango ruwan ɗorawa, ya zama jagoran dubban matasan Turai da Amurka da Ostireliya masu son ganin duniya da ɗan abin da ke hannunsu, kuma har yau miji da matar da za su goya jaka su sauka a Bankok sawun waɗancan biyun suke takawa, ko sun sani ko ba su sani ba.

Hanyar ta zama sananniya ƙwarai. Ana farawa daga titin Khao San na Bankok, wani ɗan gajeren titi da a da kasuwar shinkafa ce, wanda tun farkon shekarun 1980 mazaunansa suka soma mai da ɗakunan gidajensu masauki. Daga nan a yi arewa zuwa Chiang Mai da Pai, a tsallaka kogin Mekong a shiga Lawos, a sauka Luang Prabang da Vang Vieng, a wuce Biyetnam a bi gaɓar teku ta Hoi An, a karkato ta Kambodiya a kwana a Siem Reap. Mai sauran kuɗi da lokaci ya gangara George Town da Melaka a Malesiya, ko Yogyakarta da Ubud a Indunusiya. Rabin hanyar nan a rufe yake lokacin da littafin ya fito, domin a 1975 ɗin ne yaƙin Biyetnam ya ƙare, Khmer Rouge suka kama mulki a Kambodiya, kuma sai daga ƙarshen shekarun 1980 Biyetnam da Lawos da Kambodiya suka soma buɗe ƙofa ga baƙi. Tun daga lokacin ake ta ce-ce-ku-ce a kan 'yan jakar goyo. Gwamnatoci na yi musu kallon matsiyatan baƙi masu ƙazanta da rowa, masu kishin al'ada kuma na ɗora musu laifin lalata garuruwan da suka bi. Abin da nake gani shi ne duka ɓangarorin biyu sun auna baƙo da ma'aunin da bai dace ba. Abin da ke sa baƙo ya amfani ƙaramin gari ko ya cuce shi shi ne tsawon zaman da ya yi a cikinsa da hannun da kuɗinsa ya shiga, kuma ta wannan ma'auni ma'auratan da ke tafe a hankali da jakar goyo suna cikin mafi alherin baƙin da garuruwan nan ke samu, muddin dai a hankalin suke tafe.

A fara da kuɗi, tunda a nan aka fi raina su. Gaskiya ne mai jakar goyo ba ya kashe ko kusa da abin da mai sauka a babban otal ke kashewa a rana guda. Sai dai lissafin rana guda lissafi ne mai ruɗi. Masanin tattalin arziki Mark Hampton ya yi bincike a tsibirin Gili Trawangan da ke gefen Lombok a Indunusiya da kuma unguwannin Yogyakarta, ya fara wallafa sakamakonsa a 1998, Regina Scheyvens ita ma ta yi rubutu a kan batun a 2002, kuma abin da suka nuna ba shi da wuyar fahimta. Babban otal na bakin teku yana buƙatar jari mai nauyin da ɗan gari ba shi da shi, don haka mai shi kamfani ne daga babban birni ko daga wata ƙasa. Namansa da giyarsa da kayan ɗakinsa galibi shigo da su ake yi, manyan ma'aikatansa daga nesa aka kawo su, ribar kuma hanyar da jarin ya zo take bi ta koma. Mai jakar goyo kuwa abin da yake nema shi ne ɗaki mai fanka da ruwan wanka, da kwanon taliya, da haya ta keke ko babur, da wanda zai wanke masa tufafi. Duk waɗannan abubuwa ne da iyali guda za su iya fara sayarwa da ɗan jarin da bai taka kara ya karya ba, ba tare da sun ci bashin banki ko sun sayar da gona ba. Kuma tunda irin wannan baƙo makonni ko watanni yake yi a ƙasa, jimillar abin da ya kashe kan kai, ko ta wuce, abin da mai hutun mako guda ya kashe, ga shi kaso mafi girma nasa ya tsaya a hannun mutanen wurin.

Wanda ke son ganin haka da ido ya duba tafiyar jirgin ruwa a kan kogin Mekong daga Huay Xai zuwa Luang Prabang. Jirgin dogo ne siriri, na katako, mai rufi, kuma kujerun da ke cikin da yawa daga cikinsu an ciro su ne daga tsofaffin motoci aka jera. Iyalin mai jirgin a can baya suke zaune kusa da inji, nan suke girki, nan yara ke barci. Kwana biyu ake yi ana bin kogin, ana tsayawa a gaɓar yashi a sauke buhun shinkafa ko a ɗauki wata tsohuwa da kwandon kaji. Da yamma a rana ta farko ana yada zango a Pakbeng, wani ɗan gari da ke manne a jikin tudu, kusan titi ɗaya gare shi. Da jirgi ya tsaya, sai ka ga matasa sun gangaro da hotunan ɗakuna a hannu, mata sun kunna gawayi, masu burodi suna karɓar odar guzurin gobe. Ma'auratan da suka sauka a nan za su biya ɗaki, su ci abincin dare, su sayi ruwa da ayaba, da safe su karɓi burodinsu a leda. Babu ɗaya daga cikin kuɗin nan da ya kai a kira shi kuɗi a ƙasarsu, amma gidaje huɗu ko biyar ne suka taɓa shi kafin jirgi ya tashi. Attajirin da ya tsallake kogin ta sama cikin sa'a guda bai bar ko sisi a Pakbeng ba, bai ma san da garin ba.

Masu suka suna da hujja mai nauyi, kuma sunanta Vang Vieng. Gari ne a bakin kogin Nam Song, kewaye da duwatsu masu tsini da kogo, mutanensa manoman shinkafa ne da masunta. Wajen ƙarshen shekarun 1990 aka soma ba baƙi tiyub na tayar tarakta su kwanta a kai ruwa ya tafi da su, abu mai sauƙi da ban sha'awa. Cikin shekaru kaɗan gaɓar kogin ta cika da mashaya na katako, da igiyoyin lilo da ake sakin jiki daga kansu a faɗa ruwan da duwatsu ke ƙarƙashinsa, da giyar kyauta, da ƙwayoyin da ake rubutawa a takardar abinci ba ɓoye-ɓoye. Matasa na yawo a kasuwa kusan tsirara a garin da mace ba ta wanka a kogi sai da zane. A 2011 kaɗai asibitin garin ya ƙirga baƙi 27 da suka mutu, yawancinsu nutsewa suka yi ko suka fasa kai a dutse. A 2012 gwamnatin Lawos ta rushe mashayan bakin kogin. Duk da haka a watan Nuwamban 2024 wasu baƙi shida suka mutu bayan shan giyar da ke ɗauke da sinadarin metanol a garin. Ba wanda zai ce attajirai ne suka jawo wannan. 'Yan jakar goyo ne, kuma yaran garin da suka bar makaranta suka kama aikin mashaya, da iyalan da suka daina zuwa kogin saboda gawarwakin da aka tsamo, su suka biya.

Ba na neman wanke kowa daga wannan laifi. Amma a lura da irin tafiyar da ta haifar da shi. Matashin da ya je Vang Vieng a shekarun nan bai je don Lawos ba. Ya je ne don shagalin kwana biyu da ya ji labarinsa a wani masauki a Tailan, ya sha, ya sayi riga mai rubutu, ya hau motar dare ya wuce gari na gaba. Da za a ɗauke kogin a kai shi wata nahiya, ba abin da zai rage masa. Jakarsa iri ɗaya ce da ta ma'auratan da suka kwana a Pakbeng, amma halinsa ya fi kusa da na ayarin da kamfani ke saukewa daga babbar bas na minti arba'in. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne gaɓar Maya a tsibiran Phi Phi na Tailan. Bayan fim ɗin The Beach na shekarar 2000 da aka ɗauka a can, wanda labarinsa ma na 'yan jakar goyo ne, wurin ya yi suna har dubban mutane suka riƙa zuwa kowace rana, mafi yawansu a jiragen ruwa masu gudu daga Phuket da Krabi, su ɗauki hoto su juya. Ankar jirage da tattakin ƙafa suka kashe murjanin ruwan, hukuma ta rufe wurin a watan Yunin 2018, ba a sake buɗe shi ba sai Janairun 2022, tare da hana jirage shiga gaɓar. A tsakanin nan ƙananan kifayen shak suka dawo. Waɗanda suka yi ɓarnar akwai mai kuɗi a cikinsu akwai mai ƙaramin ƙarfi. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu masu wucewa ne, kuma sun yi yawa.

Akwai suka ta biyu da ta fi ta farko wuyar amsawa, domin ita ba ta buƙatar maye ko rashin ɗa'a. Hukumar UNESCO ta sa Luang Prabang cikin wuraren tarihi na duniya a 1995, Hoi An a 1999, George Town da Melaka a 2008. A Luang Prabang kowace asuba masu zuhudu na addinin Buda kan fito a jere, ba takalmi, sanye da mayafi ruwan lemo, kowa rataye da kwanonsa. Mutanen unguwa na durƙushe a kan tabarma da kwandon shinkafa mai danƙo da aka turara tun kafin gari ya waye, suna gutsura suna sakawa a kwano bayan kwano, ba mai magana. Ibada ce a wurinsu. Yau akwai titin da za ka tarar an jera ƙananan kujerun roba don baƙi, masu talla na sayar musu da shinkafa da alewa, wasu na cusa kyamara a fuskar yaran da ke cikin jerin. Abin da ya fi wannan muni ba ya fitowa a hoto: iyalai da yawa na tsohon gari sun ba da gidajensu haya an mai da su masauki da gidan abinci, sun koma bayan gari, don haka masu ba da sadakar na asali suna raguwa. A Hoi An, tsohuwar tashar jiragen ruwa a bakin kogin Thu Bon inda fataken Sin da Japan suka yi zamani, gidajen katako masu bango ruwan ɗorawa sun koma shagunan teloli da na fitilun ado. A George Town soke dokar ƙayyade kuɗin haya a shekarar 2000 ta riga ta soma korar masu ƙananan sana'o'i, yawon buɗe ido ya zo ya ƙarasa. Mai suka zai ce: ko da baƙonka ya fi kowa ladabi, ɗakin da ya kwana a ciki ɗakin wani ne da ya tashi.

Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce baƙunci ba ya canza gari yaudarar kansa yake yi. 'Yan jakar goyo su ne kan fara gano wuri, su yaba shi, littafi ya rubuta, sannan masu jari su biyo baya. Amma akwai abu biyu da ya kamata a ɗora a ɗaya gefen sikelin. Na farko, iyalin da suka buɗe ɗakuna uku a saman gidansu suna nan a gidan, kakar gida na ci gaba da turara shinkafarta da asuba. Wanda ke tashin mutane shi ne mai sayen gidan gaba ɗaya ya mai da shi otal na alfarma, kuma ba don masu neman ɗaki mai fanka yake yin haka ba. Na biyu, ba daidai ba ne a zauna daga nesa a yanke wa mutanen Luang Prabang hukuncin su dawwama cikin talauci don garinsu ya ci gaba da kyau a idon baƙo. Lawos ƙasa ce da Amurka ta zuba wa bama-bamai fiye da tan miliyan biyu tsakanin 1964 da 1973, har yau manoma na tono waɗanda ba su fashe ba a gonakinsu. Uban da ya biya wa 'yarsa makaranta da kuɗin hayar keke bai yi wa al'adarsa laifi ba. Tambayar da ta dace ita ce wane irin baƙo ne zai bar masa kuɗin ba tare da ya raba shi da gidansa ba.

A nan ne zaman ya fi komai tasiri, domin ladabin wuri ba a rana ɗaya ake koyonsa ba. Wanda ya kwana biyar a gida ɗaya zai lura ana cire takalmi a bakin ƙofa, ana rufe kafaɗa da gwiwa kafin shiga wurin bauta, mace ba ta taɓa mai zuhudu, ba a miƙe ƙafa ta fuskanci mutum, ba a ɗaga murya ko da an ɓata maka rai, kuma rungume-rungumen miji da mata a kan titi abin kunya ne. Yana koya ne saboda gobe ma zai sake haɗa ido da matar da ta dafa masa abinci, kuma kunya babbar malama ce. Tafiyar mutum biyu tana taimaka wa wannan ta hanyoyin da ba a cika faɗa ba. Ma'aurata kan ɗauki ɗaki nasu a gidan iyali maimakon gado a babban ɗakin kwanan matasa inda shagali ke farawa. Ɗaya na tsaron kaya ɗaya na neman mota, idan zazzaɓi ya kama ɗaya akwai mai nemo magani, don haka suna iya kauce wa babbar hanya su shiga garuruwan da mai tafiya shi kaɗai zai yi shakka. Ga kuma wata ƙofa da mace ke buɗewa: kicin da bayan gida, inda matan gida ke zaune, wuri ne da baƙo namiji ba ya isa shi kaɗai. Ba ina cewa aure na mai da mutum nagari ba ne. Akwai ma'auratan da suka rufe kansu su biyu har ba sa gaisawa da kowa, kuma tafiyar wata uku cikin zafi da gajiya kan fito da halin da zaman gida ya ɓoye. Amma tsarin tafiyarsu ya fi karkata ga zama fiye da gudu.

Akwai halaye biyu da ke cinye wannan fifiko, kuma dole a faɗe su. Ɗaya shi ne mai da arha abin gasa. A masaukan hanyar nan akwai masu alfahari da cewa sun matsa wa mai tuk-tuk, wato irin a-daidaita-sahun can, har ya rage abin da bai kai kuɗin shayi a ƙasarsu ba. Ciniki al'ada ce a kasuwannin yankin, ba laifi a yi shi, amma wanda ya iya sayen tikitin jirgi daga Turai, ya tsaya yana murɗe hannun mai sayar da mangwaro, ya rushe hujjar da ake kare shi da ita. Na biyu shi ne wayar hannu. A zamanin littafin ruwan ɗorawa mutum kan sauka a tasha ya bi gida-gida yana duba ɗaki, ya biya mai gida hannu da hannu. Yanzu ana kama ɗaki ta manhajoji irin su Booking da Agoda, waɗanda ke cire la'adarsu daga kowane dare, kuma suna tura kowa gidajen da suka riga suka yi suna. Jiragen sama masu arha, tun bayan da AirAsia ta sake salo a 2002, sun sa ana iya taɓa ƙasashe biyar a mako uku. Har tausayi ma gaggawa kan ɓata shi. A Kambodiya ziyarar gidajen marayu ta zama sana'a, alhali bincike ya nuna yawancin yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye, talauci da kuɗin baƙi ne suka raba su da gida. Mai wucewa na rana ɗaya zai ba da kuɗi ya tafi da farin ciki. Wanda ya zauna ya yi tambaya ne kaɗai zai gane abin da kuɗinsa ke ciyarwa.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi yana da tasa sukar, kuma tana da ƙarfi: wannan 'yanci na wasu ne. Abin da ya sa ɗan Jamus ko ɗan Ostireliya ke iya ratsa iyaka bayan iyaka shi ne fasfonsa da ƙarfin kuɗin ƙasarsa. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi biza tun daga gida a yawancin ƙasashen nan, ya kawo shaidar banki da ta masauki da tikitin dawowa, abubuwan da suka saɓa wa ainihin tafiyar da ba a tsara ranar ƙarewarta ba. Ita ma matar da ke wanke wa baƙi tufafi a Siem Reap ba za ta taɓa samun damar zagaya Turai haka ba. Wannan rashin daidaito na gaske ne, kuma ladabin baƙo ba ya goge shi. Abin da yake yi shi ne ƙara wa mai damar nauyi: wanda aka buɗe wa ƙofar da aka rufe wa wasu ba shi da uzurin shiga da takalmi. Ga wanda Allah ya hore wa zuwa daga cikinmu kuwa, kamar ɗalibai da 'yan kasuwar da ke Malesiya, yankin ba baƙon wuri ba ne ga Musulmi. Indunusiya na cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi a duniya, Melaka tsohuwar daular Musulunci ce da ta yi tashe a ƙarni na 15 kafin Turawan Fotugal su ci ta a 1511, masallacin Kapitan Keling na tsakiyar George Town, a Chiang Mai akwai masallacin Musulmin da kakanninsu suka zo daga Yunnan ta ƙasar Sin, a Kambodiya da kudancin Biyetnam kuma akwai al'ummar Cham a bakin kogi. Miji da mata masu neman abincin halal za su tarar neman da kansa yana kai su unguwannin da littafin jagora bai cika ambata ba.

Abin da ya rage shi ne hukumomi, waɗanda suka daɗe suna ƙirga nasara da yawan kawunan da suka shigo. Tailan ta karɓi baƙi kusan miliyan 40 a 2019, sai annobar korona ta zo a 2020 ta bar titin Khao San da Siem Reap wayam, aka ga yadda dogaro da yawa kaɗai ke da haɗari. Maganar da jami'ai ke yawan yi tun daga lokacin ita ce suna son baƙi masu daraja, ma'ana masu kuɗi. Da sun ce masu zama, da sun fi kusa da maslahar ƙananan garuruwansu. Akwai matakan da suka nufi can. Tikitin shiga tsofaffin wuraren bauta na Angkor da ke kusa da Siem Reap, tun 2017, dala 37 ne na kwana ɗaya, dala 62 na kwana uku, dala 72 na kwana bakwai, wato kowace ƙarin rana na ƙara sauƙi, kuma kowace ƙarin rana dare ne a masaukin wani da abinci a rumfar wata. Biyetnam ta tsawaita bizarta ta intanet zuwa kwana 90 a watan Agustan 2023. A ɗaya ɓangaren kuma, layin dogon da Sin ta gina a Lawos, wanda aka buɗe a Disamban 2021, ya mai da tafiya daga Vientiane, babban birnin ƙasar, zuwa Luang Prabang ta kusan sa'a biyu, bayan a da yini guda ake yi ana hawa da sauka a tsaunuka. Ga ɗan Lawos mai kai mara lafiya asibiti wannan alheri ne da ba mai musunsa. Ga garuruwan da ke kan tsohuwar hanyar mota, inda bas ke tsayawa a ci abinci a sayi 'ya'yan itace, ciniki ne ya koma wani wuri, Luang Prabang kuma ta samu ƙarin masu zuwa da safe su koma da yamma. Ma'auratan da ke da wata biyu a hannu suna iya hawa jirgin, ba laifi, in dai sa'o'in da ya rage musu a garin za su kashe su, maimakon su ƙara wata ƙasa a jerin.